Baƙo da Ɗan Gari a Dajin Dakota: Tarihin Farautar Barewa Mai Kunnen Alfadari

1.0 Gabatarwa

A farkon watan Nuwamba na kowace shekara, ranar Juma'a da tsakar rana, ake buɗe farautar barewa da bindiga a Jihar Dakota ta Arewa da ke ƙasar Amurka, a kuma rufe ta bayan kwana 16 da rabi. Mafi yawan waɗanda suke shiga daji a wannan lokaci mazauna jihar ne. Mutumin da ya fito daga wata jiha, ko da kuwa Ba'amurke ne gaba da baya, ba ya samun shiga sai ƙuri'a ta faɗa kansa, domin dokar jihar ta ware wa baƙi kashi 1 cikin 100 kacal na lasisin farautar barewa da bindiga. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaure kai shi ne, babban ɓangare na dajin da ake wannan farauta a yammacin jihar mallakar gwamnatin tarayya ne, wato na dukkan Amurkawa baki ɗaya. Ke nan baƙon yana da haƙƙin ya taka ƙasar, ya kafa tanti ya kwana a cikinta, amma barewar da ke kiwo a kanta tana ƙarƙashin ikon jiha.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka zo ga wannan tsari. Za mu ga cewa tarihin farautar wannan dabba ba ya rabuwa da tarihin kalmar "baƙo" a wannan yanki. Baƙi ne suka kusa ƙarar da ita, wani baƙo ne ya shiga sahun gaba wajen yekuwar ceto ta, sannan zuriyar baƙin jiya su ne 'yan garin yau da suke ƙayyade wa baƙin yau rabonsu.

2.0 Dabbar da Ƙasarta

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san dabbar da muke magana a kanta. Mun kira ta barewa ne saboda kamanni, amma ta sha bamban da barewar da muka sani. Ƙahon tamu barewar ɗaya ne har ta mutu. Ita kuwa wannan, namijinta kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma mai rassa ne kamar itace, yana faɗuwa a ƙarshen hunturu wani sabo ya tsiro. Kowane reshe yana rabuwa gida biyu kamar gwafa, wanda hakan ya bambanta ta da 'yar'uwarta mai farar wutsiya, wadda rassan ƙahonta suke tsirowa a jere daga sanda guda. Ƙosasshen namiji yakan kai kilo 100, wani ma ya zarce. Wutsiyarta siririya ce mai baƙin baki, kunnuwanta kuwa faka-faka ne kamar na alfadari, daga nan ta samo sunanta. Idan ta firgita takan yi wani irin tsalle, ƙafafu huɗun su tashi tare su sauka tare, wanda ke ba ta damar haye gangare da duwatsu inda mai bin ta zai sha wuya. Sai dai tana da wata ɗabi'a da ta sha jawo mata halaka: bayan ta yi 'yar tazara takan tsaya ta waiwayo ta ga abin da ya koro ta. A zamanin kwari da baka wannan waiwaye bai cika cutar da ita ba. Da bindiga mai cin dogon zango ta iso, sai ya zama ajalinta.

Ita kuwa ƙasar, Turawa suna kiranta Badlands, wato mugunyar ƙasa. Sunan ya samo asali ne daga mutanen Lakota da suke ce wa irin wannan wuri "mako sica", ƙasa maras kyau, haka kuma Faransawa masu fataucin fatu suka kira ta ƙasa mai wuyar ƙetarewa. Mu a nan za mu kira ta ƙasar kwazazzabai. Akwai irinta a Dakota ta Kudu da Montana da Wayomin, amma wadda za mu fi mayar da hankali a kanta ita ce wadda ta bi gaɓar kogin Ƙaramin Misuri a yammacin Dakota ta Arewa. Wannan kogi ya taso ne daga Wayomin ya nufi arewa, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 900. Shi da rafukansa suka yi dubban ɗaruruwan shekaru suna zaizaye laka da yashi, har fili ya koma tuddai masu shafaffen kai da ramuka masu zurfi, jikinsu jere-jere da launin toka da rawaya da baƙi da ja. Baƙin layin gawayin ƙasa ne, jan kuwa laka ce da ta gasu ta zama kamar jan bulo a lokacin da gawayin ya kama wuta a ƙarƙashin ƙasa. Gangaren da ke fuskantar arewa yana riƙe danshi, don haka yake da duhuwar gajerun itatuwa inda barewa ke fakewa da rana. Wanda ke fuskantar kudu kuwa fako ne, sai tsirarun ciyayi. Abin da ya sa manomi ya raina wannan ƙasa, shi ne ya sa ta zama mafakar wannan dabba.

3.0 Masu Ƙasa na Farko da Baƙin Farko

Tun kafin Bature ya san da wannan wuri, ƙabilun Mandan da Hidatsa da Arikara suna zaune a ƙauyukansu a bakin babban kogin Misuri, suna noman masara da wake da kabewa, suna kuma shiga ƙasar kwazazzabai don farauta da kamun gaggafa. Daga baya Lakota suka ƙarfafa a yankin. Akwai wasu tsaunuka a gefen gabas na wannan ƙasa da ake kira Killdeer, sunan kuma fassara ce ta sunan da 'yan asalin ƙasar suka ba wurin, ma'ana inda ake kashe barewa. Sunan kaɗai ya isa shaida cewa farauta a nan ta girmi duk wata jiha da duk wani lasisi.

A shekarar 1803 Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a kan dala miliyan 15, Shugaba Thomas Jefferson kuma ya tura ayarin Meriwether Lewis da William Clark su bi kogin Misuri su gano abin da aka saya. A watan Satumba na 1804, a cikin ƙasar da ta zama Dakota ta Kudu a yau, wani ɗan ayarin mai suna John Colter ya harbo wata barewa da ba su taɓa ganin irinta a gabas ba. Da farko sun kira ta mai baƙar wutsiya. A watan Mayu na 1805 ne Lewis ya rubuta cikakken bayaninta, ya kuma danganta ta da alfadari saboda kunnuwanta. A 1817 masanin halittu Rafinesque ya sa mata sunan kimiyya wanda kashinsa na biyu, "hemionus", yake nufin alfadari a harshen Girkanci. Idan muka lura, shigar wannan dabba cikin littattafan Turawa ta faro ne da harbin wani baƙo.

Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1851 ta amince cewa ƙasar da kogin Ƙaramin Misuri ya ratsa tana cikin yankin Mandan da Hidatsa da Arikara. Amma alkawarin bai daɗe ba. A watan Yuli na 1864 Janar Alfred Sully ya afka wa babban sansanin Lakota da Dakota a tsaunukan Killdeer, ya ƙone tantunansu da guzurinsu, sannan a watan Agusta ya ratsa ƙasar kwazazzabai ana fafatawa da shi. A 1870 aka keɓe wa ƙabilun nan uku yankin Fort Berthold, aka kuma ci gaba da zaftare shi a shekarun da suka biyo baya. Da haka masu ƙasa na farko suka fara zama baƙi a dajin kakanninsu.

4.0 Jirgin Ƙasa da Ɗan Niyok

A 1880 layin dogo na kamfanin Northern Pacific ya iso kogin Ƙaramin Misuri. Jirgin ƙasa ya kawo mafarauta iri biyu. Iri na farko su ne masu farauta don kasuwa, waɗanda suke kashe ɓaunar Amurka don fatarta, su kashe barewa don sayar da namanta ga ma'aikatan layin dogo da sansanonin soja da mahautan biranen gabas. Iri na biyu kuwa 'ya'yan masu hali ne daga gabashin ƙasar da kuma Turai, waɗanda suke zuwa don nishaɗi da neman ƙahon da za su rataye a zaure. Cikin shekara uku da isowar jirgin, garken ɓauna na arewa, wanda a da ake lissafa shi da miliyoyi, ya kusa ƙarewa ƙaƙaf.

A cikin iri na biyu ne wani saurayi ɗan shekara 24 ya sauka daga jirgi a watan Satumba na 1883. Sunansa Theodore Roosevelt, ɗan majalisar dokoki ne daga Jihar Niyok, ya kuma zo ne don ya harbi ɓauna tun ba ta ƙare ba. Ya ɗauki wani ɗan jagora mai suna Joe Ferris, suka yi kwanaki suna fama da ruwan sama da taɓo da kuskuren harbi kafin ya sami ɓauna guda, a can wajen iyakar Montana. Kafin ya koma gida ya zuba dala 14,000 a harkar kiwon shanu a gandun da ake kira Maltese Cross, kusa da sabon garin Medora, wanda wani basarake Bafaranshe, Marquis de Morès, ya kafa a wannan shekarar ya sa masa sunan matarsa. Ranar 14 ga Fabrairu, 1884, matar Roosevelt da mahaifiyarsa suka rasu a rana ɗaya a gida ɗaya. Baƙin cikin wannan rashi ya mayar da shi Dakota, inda ya kafa gandu na biyu mai suna Elkhorn, kimanin mil 35 arewa da Medora.

A wannan zama ne ya san barewa mai kunnen alfadari ciki da bai. Ita ce naman da ya fi shiga tukunyar gandunsa, ita ce kuma farautar da ya fi yabawa, domin ana yin ta ne da ƙafa, da hawa da gangara, da lura da iska, a fili inda mafarauci da dabba kowa zai iya hango kowa. A littafinsa Hunting Trips of a Ranchman na 1885 ya ware mata babi guda. Abin lura a rubuce-rubucensa shi ne, yayin da yake ba da labarin yawan abin da ya kashe, yana kuma kokawa da yadda namun dajin suke raguwa a gaban idonsa. Bai tsaya ya wanke kansa daga wannan saɓani ba, mu ma ba mu ga dalilin wanke shi ba. Yana cikin masu ɓarnar, ya kuma fi yawancinsu gane abin da ake yi.

Hunturun 1886 zuwa 1887 ya zo da tsananin sanyi da dusar ƙanƙara a kan makiyayar da shanu suka riga suka cinye ƙarmus. Dabbobi suka mutu da dubbai, Roosevelt ya yi asarar fiye da rabin garkensa, mayankar de Morès da ke Medora kuwa ta riga ta rufe tun 1886. A watan Disamba na 1887, bayan ya koma Niyok, Roosevelt ya tara abokansa, ciki har da George Bird Grinnell, editan mujallar Forest and Stream, suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett. Manufarta ita ce yaƙi da farautar kasuwa, da neman dokokin kare manyan namun daji, da ɗora mafarauci a kan ƙa'idar bai wa dabba damar tsira. Da ya zama shugaban ƙasa daga 1901 zuwa 1909, ya sanya kimanin eka miliyan 230 a ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya. Shi da kansa ya sha danganta hawansa wannan kujera da zaman da ya yi a Dakota.

5.0 Shekarar 1896: Hukunci Biyu Daga Alƙalami Ɗaya

Dakota ta Arewa ta zama jiha ranar 2 ga Nuwamba, 1889, kuma da samuwar jihohi a yamma sai tambaya ta taso: wa ke da namun daji? A Ingila, inda Amurka ta gaji dokokinta, farauta ta sarki ce da manyan masu ƙasa. Amurkawa ba su da sarki, don haka kotunansu suka ɗora wannan iko a kan jiha, a matsayin mai riƙon amana a madadin jama'arta.

A watan Maris na 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a shari'ar Geer da Jihar Konetikat. An kama Geer ne da wasu tsuntsayen daji da aka harbe bisa ƙa'ida, amma da niyyar fitar da su daga jihar. Mai Shari'a Edward White ya rubuta cewa jiha tana da ikon tsare namun dajinta don amfanin mutanenta. Wannan hukunci shi ne tushen duk wani bambanci da aka riƙa nunawa tsakanin ɗan jiha da baƙo a harkar farauta. Bayan wata biyu, a watan Mayu na wannan shekarar, shi dai Mai Shari'a White ya rubuta wani hukuncin a shari'ar Ward da Race Horse. Race Horse mutumin ƙabilar Bannock ne da ya kashe manyan bareyin da ake kira elk guda 7 a Wayomin, yana dogaro da yarjejeniyar 1868 da ta ba ƙabilarsa haƙƙin farauta a filayen gwamnati da ba kowa a cikinsu. Kotu ta ce wannan haƙƙi ya faɗi tun ranar da Wayomin ta zama jiha.

Idan muka jera hukuncin nan biyu za mu ga abin da ya auku. Na farko ya naɗa Baturen da ya zo jiya da jirgin ƙasa ya zama ɗan gari mai haƙƙi a kan dabba, na biyu kuma ya mayar da wanda kakanninsa suka raɗa wa tsaunukan suna ya zama mai laifi idan ya yi farauta a wajen yankin da aka keɓe masa. Sai a 2019, a shari'ar Herrera da Jihar Wayomin, wadda ta shafi wani ɗan ƙabilar Crow, Kotun Ƙoli ta yi watsi da hujjar hukuncin Race Horse, bayan shekara 123.

6.0 Ƙarewa da Dawowa

Doka ba ta iso da wuri ba. Zuwa farkon ƙarni na 20, ɓauna da elk da babbar dabbar nan mai kama da kare da ake kira beyar girizili duk sun ɓace daga ƙasar kwazazzabai ta Dakota ta Arewa. An ruwaito cewa a 1905 aka harbe ragon dutse na ƙarshe na wannan yanki. Barewa mai kunnen alfadari ta rage 'yan tsiraru a cikin ramukan da suka fi wuyar shiga, har ta kai jihar ta rufe farautar barewa na tsawon shekaru.

Abubuwa huɗu ne suka taru suka dawo da ita. Na farko shi ne dokar Lacey ta 1900, wadda ɗan majalisa John Lacey na Jihar Ayowa ya gabatar, ta kuma haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ya karya bayan farautar kasuwa. Na biyu shi ne kafa hukumomin kula da namun daji masu ma'aikata na dindindin. Ta Dakota ta Arewa ta samu a 1930. Na uku shi ne dokar Pittman da Robertson ta 1937, wadda ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai, wanda a yau ya kai kashi 11 cikin 100 a kan bindigar farauta, zuwa asusun kula da namun daji. Ana raba kuɗin ga jihohi bisa girman ƙasarsu da yawan masu lasisinsu, tarayya ta biya kashi 75 na aiki jiha ta biya 25, da sharaɗin cewa jiha ba za ta taɓa kuɗin lasisi ta yi wata hidima da shi ba.

Na huɗu kuwa ya fito ne daga masifa. Dokar raba filaye ta 1862 da ƙarin da aka yi mata a 1909 sun jawo manoma zuwa ƙasar da ba ta da ruwan da zai ɗauki garma. Da fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka zo, gonaki suka mutu, mutane suka yi hijira, gwamnatin tarayya ta saye filayen da aka gudu aka bari. Daga cikinsu ne aka haɗa makiyayar ƙasa ta Ƙaramin Misuri, wadda aka ba wannan matsayi a 1960, mai faɗin fiye da eka miliyan ɗaya, mafi girma a irinta a duk Amurka. A tsakiyarta akwai gandun dajin da aka keɓe don tunawa da Roosevelt a 1947, wanda ya zama cikakken gandun daji na ƙasa a 1978, mai kimanin eka 70,000. A cikinsa ba a farauta. Ke nan baƙon da ya zo yau yana biyo sawun Roosevelt ba zai iya harba bindiga a gandun da ke ɗauke da sunansa ba, sai dai a makiyayar da ke kewaye da shi.

Tun shekarun 1950 ma'aikatan jihar suke hawa ƙaramin jirgin sama su ƙidaya wannan barewa a wasu keɓaɓɓun wurare, sau ɗaya bayan dusar ƙanƙara ta narke kafin itatuwa su yi ganye, sau ɗaya kuma da kaka don sanin yawan 'ya'ya da maza. Da wannan ƙidaya ake yanke yawan lasisin kowace shekara. Alal misali, bayan munanan hunturu uku a jere daga 2008 zuwa 2011, an dakatar da ba da lasisin harbin mata a ƙasar kwazazzabai daga 2012 har tsawon shekara huɗu, sai da garken ya farfaɗo.

7.0 Baƙo a Gaban Kotu

Da dabbar ta dawo, baƙi ma suka dawo, a wannan karon da mota da jirgin sama. Jihohin yamma suka ga abu biyu a tare da su: kuɗi da cunkoso. Don haka suka tsawwala musu kuɗin lasisi, suka kuma ƙayyade yawansu. A Montana, maƙwabciyar Dakota wadda ita ma take da tata ƙasar kwazazzabai a gaɓar Misuri, a 1976 ɗan jiha yana sayen lasisin elk a kan dala 9, baƙo kuwa dole ya sayi lasisin haɗaka a kan dala 225. Wani mai sana'ar jagorancin mafarauta, Lester Baldwin, tare da wasu mutum huɗu daga Minesota, suka kai ƙara suna cewa an tauye musu haƙƙin zama 'yan ƙasa ɗaya. A 1978 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 cewa farautar nishaɗi ba ta cikin manyan haƙƙoƙin da tsarin mulki ya wajabta a daidaita ɗan jiha da baƙo a kansu, tunda ba hanyar neman abinci ba ce.

Shekara guda bayan haka, a 1979, kotun ta rushe hukuncin Geer a shari'ar Hughes da Jihar Oklahoma, ta ce batun jiha ta "mallaki" namun daji ƙage ne na shari'a, ko da yake ta bar mata ikon kare su. Wannan ya buɗe ƙofa, har a 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta sa alamar tambaya a kan ƙa'idar Jihar Arizona ta ba baƙi kashi 10 cikin 100 na wasu lasisai. Jihohin yamma suka tashi haiƙan, Majalisar Tarayya kuma ta zartar da doka a 2005, bisa jagorancin Sanata Harry Reid na Nebada, wadda ta jaddada ikon jiha na fifita mazaunanta. Ita ma Jihar Minesota ta maka Dakota ta Arewa a kotu a 2004 a kan ƙuntata wa baƙi masu farautar agwagin ruwa, amma a 2006 ta sha kaye.

8.0 Halin da Baƙo Yake Ciki

Wanda yake son farautar wannan barewa daga wata jiha yana da ƙofa biyu a Dakota ta Arewa. Ta farko ita ce ƙuri'ar lasisin bindiga, inda rabon baƙi bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Wanda bai dace ba yana tara maki da ke ƙara masa dama a shekara mai zuwa, amma jiran yakan ɗauki shekaru. Ta biyu ita ce farauta da kwari da baka, wadda take farawa wajen farkon Satumba ta kai farkon Janairu. Yawan lasisin da ke ba baƙo damar harbin wannan barewa da kibiya shi ne kashi 15 cikin 100 na lasisin bindiga da aka bayar dominta a shekarar da ta gabata. Haka tarihi ya juyo: makamin da Hidatsa da Lakota suka yi farauta da shi, shi ne hanya mafi kusa ga baƙon yau, duk da cewa bakan zamani na ƙarfe ne mai gargare.

Samun lasisi kuma ba shi ne ƙarshen wahala ba. Filayen gwamnati da na makiyaya a cakuɗe suke kamar gidajen dara, saboda yadda aka saye su ɗaya bayan ɗaya a shekarun fari, don haka dole mafarauci ya san iyakar da yake takawa. A al'adar jihar, filin da mai shi bai kafa alamar hani ba ana iya shiga, amma tun 2021 aka ba masu filaye damar sa wannan hani ta intanet, sai mafarauci ya duba taswira a wayarsa kafin ya ƙetare shinge. Laka ce wata matsalar: ruwa kaɗan ya isa ya mayar da hanya santsi kamar sabulu. Ga kuma sababbin barazana ga dabbar kanta. Cutar nan mai rame barewa har ta mutu, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, ta bayyana a Dakota ta Arewa a 2009, abin da ya jawo dokoki masu tsauri a kan ɗaukar kai da ƙashin baya daga wani yanki zuwa wani. Haƙar man fetur na Bakken kuwa, wanda ya bunƙasa daga wajen 2008, ya shimfiɗa hanyoyi da rijiyoyi a cikin arewacin ƙasar kwazazzabai, inda a da sai doki ke shiga.

9.0 Kammalawa

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Hujjar mazauna Dakota ke nan: su ne suke zaune da dabbar cikin hunturu, ita ce take cin harawar da suka tara wa shanunsu, su ne kuma za su rayu da abin da ya saura bayan baƙo ya ɗaure kayansa. Hujja ce mai ƙarfi, abin da ya faru tsakanin 1880 da 1905 kuma yana goyon bayanta. Shi ma baƙo yana da tasa: ƙasar da barewar take kiwo an saye ta ne da kuɗin tarayya, harajin harsashin da ya saya a garinsu yana shiga asusun da ake kula da ita, lasisinsa guda kuma ya ninka na ɗan gari sau da yawa. Kotuna da majalisa sun fi karkata ga ɗan gari, mu ma muna ganin ƙayyade yawan masu harbi shi ne abin da ya hana a maimaita ɓarnar farko.

Sai dai abin da wannan tarihi ya nuna mana shi ne, matsayin ɗan gari a wannan ƙasa doka ce ta yanka shi, a shekarun da za a iya ƙirgawa, kuma ta yanka shi ne a kan wasu da suka riga kowa zuwa. Zuriyar Mandan da Hidatsa da Arikara suna nan a Fort Berthold, inda kogin Ƙaramin Misuri yake ƙarewa a cikin tafkin Sakakawea, tafkin da madatsar ruwa ta Garrison ta haifar a shekarun 1950 ta kuma cinye musu fiye da eka 150,000 na ƙasarsu mafi albarka. Suna da tasu hukumar namun daji da nasu lasisin a cikin yankinsu. Duk wanda zai yi muhawara a kan rabon ɗan jiha da na baƙo, ya kamata ya fara lissafinsa daga kansu.